Koriyawa da Koriyanci: Buƙatar Tsayar da Suna Tun Kafin Sakaci Ya Tsayar da Shi

Gabatarwa

A shagunan da ake tura wa mutane fina-finai cikin wayoyinsu a Malumfashi da Funtuwa, akwai wata kalma da ta zauna daram a bakin matasa, ita ce "Koriyan". Mai saye zai miƙa waya ko katin ajiya ya ce a sa masa "Koriyan", mai shago kuma ba ya neman ƙarin bayani, domin ya san ana nufin wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake shiryawa a Koriya ta Kudu. Manomin da ke rataye da rediyo a kan hanyar gona ya san wata Koriyar daban, wato ta Arewa, wadda sunanta ba ya cika fitowa a labaran duniya sai tare da gwajin makami mai linzami. A gidajen kallon ƙwallo kuwa, shekara goma aka yi ana kallon Son Heung-min yana buga wa Tottenham wasa, daga 2015 zuwa 2025, amma ba abin mamaki ba ne a ji ɗan kallo ya kira shi "ɗan Chanan nan".

Al'umma ɗaya duk waɗannan mutane suke magana a kanta, kuma babu wanda ya ambaci sunanta da sigar da nahawun Hausa ya tanada. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, lokaci ya yi da malaman Hausa da masu fassara da 'yan jarida za su tsayar da kalmomi huɗu, wato Bakoriye da Bakoriya da Koriyawa da Koriyanci, a matsayin sunan mutanen da harshensu, sannan su keɓe "ɗan Koriya ta Kudu" da "ɗan Koriya ta Arewa" ga zancen zama ɗan ƙasa. Kalmomin ba sababbin ƙira ba ne, domin ana cin karo da Koriyawa da Koriyanci jefi-jefi a rubuce. Abin da suka rasa shi ne goyon bayan masana da kuma yawan amfani.

Asalin sunan Koriya

Mutanen wannan zirin ƙasa ba sa kiran ƙasarsu Koriya a harshensu. Sunan ya samo asali ne daga daular Koryo, wadda ta yi mulki daga shekarar 918 zuwa 1392, kuma ta hannun fatake da matafiya ya isa sauran duniya. Tun kafin wannan, masana labarin ƙasa masu rubutu da Larabci, irin su Ibn Khurdadhbih a ƙarni na 9, sun ambaci ƙasar da sunan al-Sila, wato sunan daular Silla da ta gabaci Koryo. Bayan faɗuwar Koryo sai daular Coson ta hau, ta riƙe mulki fiye da shekara ɗari biyar. A 1897 aka sauya wa ƙasar suna zuwa Daular Han Mai Girma, kafin Japan ta haɗiye ta a 1910.

Da aka raba ƙasar a 1945, aka kuma kafa gwamnatoci biyu a 1948, sai kowane ɓangare ya ɗauki suna ɗaya daga cikin wannan tarihi. Kudu ta riƙe Han, tana kiran kanta Hanguk, harshenta kuma Hangugo. Arewa ta koma ga Coson, tana kiran harshen Cosonmal. Hatta tsarin rubutun da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, suna biyu gare shi: Hangul a Kudu, Cosongul a Arewa. Jikokin waɗanda gwamnatin Stalin ta kwashe daga gabashin Rasha zuwa Kazakistan da Uzbekistan a 1937 kuwa, Koryo-saram suke kiran kansu, wato mutanen Koryo.

Ke nan duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin sunayen gida ya ɗauki ɓangare a rigimar da ba tasa ba. Su kansu mutanen sun san haka. Lokacin da ƙasashen biyu suka fitar da tawaga guda a gasar ƙwallon tebur ta duniya a birnin Chiba na Japan a 1991, sunan da baƙi suka ba su suka ɗauka, suka rubuta "Koriya" da nasu baƙaƙen. Haka kuma, da masana harshe na ɓangarorin biyu suka kafa kwamitin haɗa babban ƙamus na bai-ɗaya a 2005, sai suka kauce wa Han da Coson gaba ɗaya, suka sa masa sunan Gyeoremal, wato harshen dangi. Hausa ta yi dace da ta karɓi sunan da babu ɓangaren da yake jin an ware shi da shi, wanda kuma ya yi daidai da Kuriya ta Larabcin zamani.

Rubutun kalmar ma ba abin jayayya ba ne. Tsarin sautin Hausa bai yarda wasulan e da a su jeru ba tare da baƙi a tsakaninsu ba, don haka rubuta "Korea" a cikin jimlar Hausa daidai yake da rubuta sunan Ingila ko Faransa da rubutun masu ƙasar. "Koreya" da ake gani a wasu manhajoji ta bi ido ne, wato harafin Ingilishi, alhali "Koriya" ta bi kunne. Wannan ta biyun ita ce Sashen Hausa na BBC da takwarorinsa suka daɗe suna amfani da ita, kuma ita ce masu sauraro suka saba da ita.

Abin da ƙirar kalma ta tanada

Hanyar da Hausa take tsirar da sunayen al'umma sananniya ce, kuma Paul Newman ya ware mata babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Ana liƙa ɗafa-goshin ba- a gaban tushe, namiji ya ƙare galibi da -e, tamace da -iya ko -a, jam'i kuma ya yar da ba- ya ɗauki -awa. Sunan harshe ko karin harshe yana ɗaukar -anci ko -ci. Ba sai an yi nisa da ƙasar Galadiman Katsina ba kafin a samu misali: Bakatsine, Bakatsiniya, Katsinawa, Katsinanci, Bamaguje, Bamagujiya, Maguzawa, Maguzanci. Tsarin bai tsaya ga maƙwabta ba, ya haɗa da na nesa: Balarabe, Bature, Bafaranshe, Bajamushe, Bayahude, Basine.

Tambayar da ta rage ita ce, mene ne tushen da za a liƙa wa ɗafin? Akwai samfuri biyu a gaban mai nazari. Na farko shi ne Turkiyya, inda ake yar da -iyya a samu Baturke da Turkawa da Turkanci. Na biyu shi ne Indiya, inda ake riƙe y a samu Ba'indiye da Ba'indiya da Indiyawa da Indiyanci. Idan aka bi na farko, abin da zai fito shi ne Bakore da Korawa da Koranci, kuma dalilai biyu sun hana a bi wannan hanya. Dalili na farko na tarihi ne: -iyya ta Turkiyya ɗafi ce ta Larabci da aka ɗora a kan tushen Turk, cire ta bai taɓa sunan ba, alhali y ta Koriya gadon Koryo ce, tana cikin jikin sunan. Dalili na biyu na ma'ana ne: "korawa" kalma ce mai rai a bakin kowane makiyayi da ke kora shanu zuwa mashaya, "kore" kuma ko launi ko fatattaka. Ba a raɗa wa al'umma sunan da zai riƙa tuna wa mai ji kora.

Samfurin Indiya ne ya dace, kuma shi ne bakin Bahaushe zai bi ko ba a koya masa ba. Bakoriye ya hau ma'aunin Ba'indiye gaɓa da gaɓa. Koriyawa ta bi sahun Katsinawa da Larabawa. Koriyanci kuma, kamar Turanci da Larabci, gaɓoɓinsa duka karin sama ne, saɓanin sunayen ɓoye irin su shugabanci da adalci, waɗanda gaɓarsu ta ƙarshe take sauka ƙasa. Har ila yau, ɗafin -anci yana ɗauke da ma'ana ta biyu, ta salo ko ɗabi'a, kamar yadda ake gani a ƙauyanci da malamanci da Bibisanci. Wannan riba ce ga manazarcin al'ada, domin ranar da zai buƙaci kalma ɗaya da zai siffanta yarinyar da ta kwaikwayi ado da gaisuwar taurarin Seoul, zai tarar Koriyanci na jiransa.

Ta fuskar daidaiton ma'ana ma, Koriyanci ya fi samfurinsa tsabta. Indiyanci suna ne da Bahaushe ya ba harshen fina-finan Bombay, wato Hindi, tun zamanin gidajen silima na Kano da Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu suka yi nazari a kai. Amma Indiya tana da manyan harsuna da dama, kuma da yawa daga fina-finan da ake fassarawa yanzu da Tamil ko Telugu aka shirya su. Koriyanci kuwa harshe ɗaya ne na mutane kimanin miliyan 80, wanda mutumin Seoul da na Pyongyang suke fahimtar juna da shi ba tare da tafinta ba.

"Koriyan" da ake ji a shagunan tura fina-finai ba ta da wannan gata. Sifa ce ta Ingilishi da aka ɗauko da wutsiyarta. Kunnen Bahaushe yana jin -n ɗin ƙarshe a matsayin -n ta mallaka, yana jiran sunan da zai biyo baya. Sai dai sunayen ƙasashe a Hausa jinsin mace ne, -r suke ɗauka: Najeriyar yau, Indiyar da, Koriyar da ke kudu. Saboda haka duk wanda ya rubuta "Koriyan" a cikin jimlar Hausa, ko dai ya bar kalmar Ingilishi ba a fassara ba, ko kuma ya saɓa ƙa'idar jinsi.

Al'umma ɗaya, ƙasa biyu

Hujja mafi ƙarfi ba ta cikin ƙirar kalma, tana cikin bambancin da Hausa ta riga ta iya yi tsakanin al'umma da ƙasa. Bahaushe ba ya cewa Banajeriye ko Banijare a maganarsa ta yau da kullum, "ɗan Najeriya" da "ɗan Nijar" yake cewa, domin waɗannan sunayen ƙasashe ne masu tuta da fasfo. Idan kuma yana nufin asali da harshe, sai ya ce Bahaushe ko Bazabarme ko Bayarabe. Gaskiya ne rabon aikin bai cika cif ba, ga Ba'amurke nan yana nufin ɗan ƙasa kawai. Duk da haka bambancin yana nan da ransa, kuma shi ne ainihin abin da lamarin Koriya yake buƙata.

Mutanen ƙasar Katsina sun fi kowa sanin wannan. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe na Katsina ya koma arewa ya zauna a Maraɗi, inda har yau mai sarautar yake amsa sunan Sarkin Katsina. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka zo suka ja layi a tsakani. Yau mutumin Malumfashi ɗan Najeriya ne, mutumin Maraɗi ɗan Nijar ne, amma dukansu Hausawa ne, da yawansu ma Katsinawa. Ɗaya ya ari kalmomi daga Ingilishi, ɗaya daga Faransanci, har ana jin "lakwal" da "mushe" a can inda ake cewa makarantar boko da malamin makaranta a nan. A rubuce ma, Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Babu masanin da ya taɓa cewa an samu harsuna biyu saboda wannan.

Irin wannan ne ya faru da Koriyanci, sai dai nasa ya fi tsanani, domin yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ƙare ne da tsagaita wuta kawai, iyakar kuma ta kasance a rufe ruf, ba kamar ta Jibiya da ake ƙetarawa cin kasuwa ba. Daidaitaccen harshen Kudu ya ginu a kan karin Seoul, ya cika da aro daga Ingilishi. Na Arewa ya ginu a kan karin Pyongyang, hukuma kuma ta yi ta maye gurbin kalmomin aro da na gida. Kalmar ƙwadago da Arewa take furtawa "rodong", Kudu "nodong" take cewa. Duk da haka harshen ɗaya ne.

A nan ne "ɗan Koriya" yake gazawa. Idan mai fassara ya ce Ban Ki-moon, wanda ya riƙe muƙamin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2007 zuwa 2016, "ɗan Koriya ne", mai sauraro yana da damar tambaya: wace Koriyar? Idan kuma aka zo kan mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi da suke zaune a ƙasar Sin, musamman yankin Yanbian, masu wannan asali da wannan harshe, "'yan Koriya" ya zama kuskure ƙarara, domin 'yan ƙasar Sin ne. Haka Koryo-saram na Tashkent da Almaty. Da kalmomin da aka ba da shawara, jimlolin suna fitowa sarai: Ban Ki-moon Bakoriye ne ɗan Koriya ta Kudu, Kim Jong Un Bakoriye ne ɗan Koriya ta Arewa, mutanen Yanbian Koriyawa ne 'yan ƙasar Sin. Tun da gwamnatin Pyongyang ta shelanta a ƙarshen 2023 da farkon 2024 cewa ta daina ɗaukar haɗewa da Kudu a matsayin manufa, labaran da suka shafi ƙasashen biyu sun ƙara buƙatar harshen da zai iya raba zancen gwamnati da zancen jama'a.

Haka abin yake ga "yaren Koriya". Ko da yake matasa yanzu suna kiran kowane harshe yare, har da Hausa, kalmar ba ta gama wanke tsohuwar ma'anarta ba, ta maganar wata ƙabila da ba a ji, wadda galibi ake yi wa kallon raini. "Harshen Koriya" ya fi ta mutunci, kuma ba kuskure ba ne, amma ya jingina harshen ga ƙasa, ya kuma bar tambayar "wace Koriya?" a buɗe. Babu dalilin da zai sa a ce Japananci da Rashanci da Sinanci da kalma ɗaya, sannan a zo kan wannan a yi dogon zagaye.

Darasin sunayen da aka yi wa sakaci

Mai karatu yana iya cewa wannan duk ƙaƙale ne na masu nahawu. Tarihin Hausa kansa ya nuna akasin haka. Sunan da Bahaushe ya ba maƙwabtansa Gbagyi ya haifar da "gwaranci", kalmar da yanzu take nufin maganar da ba ta fita daidai. Sunan da aka daɗe ana kiran Ibo da shi a kasuwanni ya samo asali ne daga kwaikwayon yadda suke roƙon ruwan sha, kuma masu sunan ba su taɓa jin daɗinsa ba. Bature ya haɗe mutumin Ingila da na Faransa da na Jamus a buhu ɗaya, sai daga baya aka rarrabe su. Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma wanda aka sa cikin sakaci yana da wuyar cirewa.

"Ɗan Chana" da "Chanis" suna kan wannan hanya. Sun shigo ne ta fina-finan faɗa na Bruce Lee da Jackie Chan, suka ƙara ƙarfi da kayan kasuwa, har suka zama sunan duk mai irin wannan kama, ko daga Japan yake ko daga Koriya. Amma kama da wane ba ta wane. Koriyanci ba ɗan dangin Sinanci ba ne, duk da cewa ya ari kalmomi masu ɗimbin yawa daga gare shi a tsawon ƙarnuka. Aikatau a Koriyanci ƙarshen jimla yake zuwa, ana jera masa ɗafi bayan ɗafi, har da na girmamawa, alhali Sinanci yana sa aikatau kafin karɓau. Sinanci yana bambanta ma'anar kalmomi da karin sauti, abin da daidaitaccen karin Seoul ba ya yi. Ta wannan fuska ɗaya, Hausa ma ta fi Koriyancin Seoul kama da Sinanci.

Akwai kuma abin da ya sa batun suna da harshe yake da zafi ga wannan al'umma. A ƙarƙashin mulkin Japan, an ture Koriyanci daga makarantu sannu a hankali, kuma daga 1940 aka matsa wa mutane su sauya sunayen gidajensu zuwa na Japan. A 1942 'yan sandan mulkin mallaka suka fara kame mambobin Ƙungiyar Harshen Koriya, waɗanda suke aikin haɗa ƙamus. An kama fiye da mutum talatin, biyu daga cikinsu, Yi Yun-jae da Han Jing, suka rasu a kurkuku. Al'ummar da masu haɗa ƙamusunta suka mutu a tsare saboda harshensu ta cancanci a kira ta da sunanta, musamman daga bakin waɗanda suka san zafin a kira Bafulatani da Babarbare da Banufe duka "Hausa" ko "Aboki" a kudancin Najeriya.

Hulɗar kuma ba ta nesa ba ce kamar yadda ake zato. Najeriya ta ƙulla huldar jakadanci da Koriya ta Arewa a 1976, da ta Kudu a 1980. An buɗe Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja a 2010, shekarar da ƙasashen biyu suka tashi 2 da 2 a Durban a gasar cin kofin duniya, wasan da masu kallo ba su manta da ƙwallon da Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar a gaban raga ba. Wayar Samsung da talabijin ɗin LG da motar Hyundai ko Kia ba baƙi ba ne a kasuwar Funtuwa. Tun daga Jumong na 2006 har zuwa Squid Game na 2021, wasanninsu suna shiga ɗakunan matan aure da na ɗalibai. A 2021 babban ƙamusun Ingilishi na Oxford ya shigar da kalmomi 26 masu asali daga Koriya a lokaci guda, a 2024 kuma marubuciya Han Kang ta ci kyautar Nobel ta adabi. Harshen da zai ba da waɗannan labarai yana buƙatar ya iya cewa "Bakoriya ce ta farko da ta ci kyautar adabin, kuma da Koriyanci take rubutu".

Sukar da za a iya yi

Suka ta farko daga gida za ta fito. Garin Bakori yana kan hanyar da ta haɗa Funtuwa da Malumfashi, kuma wanda ya fara jin "Bakoriya" a wannan yanki yana iya zaton ana nufin mace 'yar Bakori. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma ba ta da zurfi. Hausa ba ta cika liƙa ba- ga sunayen garuruwa irin waɗannan ba. Ɗan Malumfashi ake cewa, da ɗan Ƙafur da 'yar Ɗanja da 'yar Bakori, yayin da ba- ya fi zama a kan tsofaffin ƙasashe irin su Katsina da Gobir da Zamfara da Daura. Gurbin Bakoriye da Bakoriya a sake yake, babu mai shi. Iyakar abin da kamar za ta haifar shi ne abin zolaya tsakanin maƙwabta, kuma wannan ba ya kashe kalma.

Suka ta biyu ita ce ta launi. "Koriya" ita ce tamacen "kore", kamar a koriyar riga da koriyar ciyawa, kuma da yake rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, babban baƙi kaɗai ya raba su a takarda. Sai dai wannan matsala ta sunan ƙasar ce, wanda ya riga ya zauna shekaru da dama ba tare da wani ya ruɗe ba, kamar yadda ba a ruɗewa tsakanin gari na zama da gari na tuwo. Hasali ma, kalmomin da aka tsirar suna rage ruɗanin, domin babu mai ɗaukar Koriyawa ko Koriyanci a matsayin launi. Haka nan tsoron a karanta Bakoriya a matsayin "ba Koriya" ta korewa bai wuce abin da ƙa'idar haɗa ɗafi da raba kalma ta riga ta warware a Ba'indiya da Bakano ba.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, wato cewa aikin masanin harshe shi ne ya bayyana abin da mutane suke faɗa, ba ya tsara musu ba. Idan matasa sun zaɓi "Koriyan", wa ya ba malamin jami'a ikon hana su? Amsa ita ce, babu mai hana kowa magana a shago ko a dandali. Ana zancen Daidaitacciyar Hausa ne, ta aji da jarida da ƙamus, kuma wannan ba ta taɓa tsirowa da kanta kamar ciyawa ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da Hukumar Harshen Hausa a shekarun 1950, da gidajen rediyo, su suka zaɓa suka kuma yaɗa. Sin da Sinawa da Sinanci sun samu gindin zama ne a rubuce saboda Sashen Hausa na Rediyon Sin, wanda ya fara aiki a 1963, ya nace a kansu, duk da cewa kasuwa tana cewa Chana. Bugu da ƙari, abin da ake nema a nan ba ƙaƙaba baƙon abu ba ne, barin ƙa'idar harshen ce ta yi aikinta a inda aron gaggawa ya sha gabanta.

Kammalawa

Gaggawar lamarin tana da nasaba da yadda ake tara Hausa a wannan zamani. Manhajojin fassara da Wikipedia ta Hausa da jerin sunayen harsuna a cikin waya suna kwafar sigar da ta fi yawa a rubuce ne, sannan su mayar da ita ga miliyoyin masu karatu a matsayin daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan "Koriyan" da "yaren Korea" suka cika intanet na wasu shekaru, gyaran zai koma jayayya da abin da jama'a suka riga suka ɗauka ƙa'ida.

Abubuwa uku za su wadatar. Na farko, masu sabunta Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda aka buga a 2006, da masu haɗa keɓaɓɓun kalmomi, su tabbatar kalmomin huɗu suna ciki, tare da bayanin bambancinsu da "ɗan Koriya ta Kudu" da "ɗan Koriya ta Arewa". Na biyu, editocin sassan Hausa na gidajen rediyo da jaridu su sa wannan bambanci cikin jagoran salonsu, domin kunne daga gare su yake koyo. Na uku, ɗaliban nazarin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma da ta Ahmadu Bello su gwada karɓuwar kalmomin a fili, su fara da Bakori da Malumfashi da Funtuwa, inda zargin ruɗani ya fi ƙarfi. Idan Bakoriya ta tsira a kasuwar Bakori, babu inda za ta gagara a ƙasar Hausa. Tsarin da aka bi a nan kuma zai yi amfani ga sauran al'ummun da har yanzu suke cushe cikin "ɗan Chana", kamar mutanen Biyetnam da Tailan da Filifin, waɗanda kowannensu yake buƙatar irin wannan nazari.